Matakan dasa na'urar lantarki a ƙwaƙwalwa ga mai ciwon waswasin da ya gagari magani

Ciwon matsanancin waswasi, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da OCD, yakan kama kimanin mutum 2 cikin kowane 100 a wani lokaci na rayuwarsu. Wani tunani ne yake faɗo wa mai ciwon ba da sonsa ba, cewa hannunsa ya kwaso ƙazanta, ko bai kulle ƙofa ba, ko zai cuci wanda yake ƙauna, sai fargaba ta turnuƙe shi, ba za ta sake shi ba sai ya yi wanki, ko ya koma ya duba, ko ya yi ƙirge, ko ya nanata wasu kalmomi a zuci, kuma da ya gama sai abin ya dawo sabo. Akasarin masu ciwon suna samun sauƙi da magungunan sha da kuma horon da masana halayyar ɗan'adam suke bayarwa. Amma akwai kusan 1 cikin 10 da ciwon yake gagarar duk wannan, har mutum ya bar aiki ko karatu, yini ya ƙare masa a banɗaki ko a bakin ƙofa. Domin irin waɗannan ne ake maganar dasa na'urar da take aika lantarki can cikin ƙwaƙwalwa, aikin da aka fi sani da DBS.

Majiyyaci da iyalinsa sukan sa ido a kan tiyatar kanta, domin ita ce abin tsoro. To amma tiyatar aikin yini guda ce, alhali binciken da yake gabanta yakan ɗauki watanni, kulawar da take biye da ita kuwa ta tsawon rayuwa ce, kuma a waɗannan biyun ne aka fi yin kuskuren da yake ɓata aikin.

Abin da ake dasawa

Siraran wayoyi biyu ake sakawa, ɗaya a kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa, kaurin kowacce bai kai milimita 1.5 ba, kuma a bakinta akwai ƙananan wuraren fitar lantarki, galibi guda 4 ko fiye. Ana haɗa su da wata waya da take bi ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne da wuya, zuwa batirin da ake sakawa a saman ƙirji, mai kama da na'urar daidaita bugun zuciya. Batirin yana aika ƙananan bugun lantarki kimanin sau 130 a sakan guda, dare da rana. A ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo, hanyar saƙo da ta haɗa gaban ƙwaƙwalwa da wasu cibiyoyi na can ciki tana aiki fiye da kima, sai saƙon "akwai matsala" ya yi ta kewayawa ba ya tsayawa. Lantarkin yana sauya yadda saƙo yake bi ta wannan hanya ba tare da an ƙone ko an yanke wani sashe ba, shi ya sa ake iya ƙara shi, a rage shi, ko a kashe shi gaba ɗaya.

Alim Louis Benabid da Pierre Pollak ne suka fara wannan fasaha a yadda aka san ta yau, a birnin Girenobul na Faransa a 1987, domin masu karkarwar jiki, daga baya ta zama sanannen magani ga masu ciwon Fakinsin, ciwon ƙwaƙwalwar da yake jawo karkarwa da sandarewar jiki. A 1999 Bart Nuttin da abokan aikinsa na Jami'ar Luben a Beljiyam suka ba da rahoton gwada ta a kan masu waswasi su 4, inda 3 suka sami sauƙi.

Mataki na farko: a tabbatar ciwon ya gagari magani da gaske

Mutane da yawa da suke cewa sun gwada komai, idan aka bi tarihinsu sai a tarar ba a taɓa yi musu maganin yadda ya kamata ba. Wani ya sha ƙwaya mako 3 ya bari domin bai ga canji ba, wani an ba shi adadin da ake bai wa mai ciwon damuwa, alhali waswasi yakan buƙaci adadi mafi yawa da lokaci mafi tsawo, wani kuma zaman hira da lallashi kawai aka yi masa aka kira shi horo. Babu cibiyar kirki da za ta buɗe kan mutum kafin ta tace wannan, saboda haka aikin farko na iyali shi ne su zauna su rubuta tarihin maganin baki ɗaya: sunan kowane magani, adadin da aka kai, tsawon lokacin da aka sha, dalilin da ya sa aka daina, da sunan asibitin da ya rubuta. A tattara tsofaffin katunan asibiti da takardun magani, domin abin da aka rubuta ya fi abin da aka tuna ƙarfi a wurin kwamitin da zai duba.

Sharuɗɗan cibiyoyi suna ɗan bambanta, amma galibi suna neman majiyyaci ya kai shekara 18, ciwon ya yi aƙalla shekara 5, kuma ya hana shi tafiyar da rayuwarsa. Suna neman a ce an gwada aƙalla magunguna 3 daga cikin masu aiki a kan sinadarin serotonin, irin su fuloksetin da satralin, waɗanda aka fi sani da sunayen kasuwa na Prozac da Zoloft, kowanne a adadi mafi girma da jiki zai iya ɗauka na tsawon kusan mako 12, kuma yawanci ana so kulomifiramin, wato Anafranil, ya kasance cikin waɗanda aka gwada, domin tsohon magani ne mai ƙarfi a kan wannan ciwo duk da yawan illolinsa. Sannan a ce an gwada ƙara wani magani na daban a kai, kamar risferidon ko arififrazol. Duk wannan a hannun likita ake yinsa, kuma haɗari ne mutum ya ƙara wa kansa adadi domin ya cika sharaɗi.

Horon da ake nufi shi ne wanda ake kira ERP, inda ake sa majiyyaci ya fuskanci abin da yake tsoro sannu a hankali, ya kuma hana kansa aikin da ya saba yi domin samun sauƙi. Mai tsoron ƙazanta zai taɓa mariƙin ƙofa ya zauna bai wanke hannu ba, har fargabar ta sauka da kanta. Ana neman zama 16 zuwa 20 ko fiye tare da wanda ya ƙware a wannan hanya takamaimai. A ganina nan ne giɓi ya fi yawa, domin ƙwararrun ba su da yawa a ko'ina, kuma wanda bai taɓa samun wannan horo na haƙiƙa ba, neman sa ya fi masa neman tiyata amfani nesa ba kusa ba.

Tsananin ciwon kuma aunawa ake yi. Ma'aunin da ake amfani da shi, Y-BOCS, wanda Wayne Goodman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989, tambayoyi 10 ne, 5 a kan tunanin, 5 a kan ayyukan da ake maimaitawa, kowace tana da maki 0 zuwa 4, jimla 40. Cibiyoyi da yawa suna neman maki 28 ko sama. Ya kamata iyali su riƙe wannan lamba, domin da ita za a auna ko aikin ya yi amfani.

Mataki na biyu: a duba abin da zai hana, da sauran hanyoyi

Ba a yin aikin ga mai juna biyu, ko wanda shaye-shaye ya kama a halin yanzu, ko mai ciwon da yake sa jin muryoyi da ganin abin da babu, ko mai ciwon mantuwa, ko wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, ko wanda yake cikin haɗarin kashe kansa a wannan lokaci, sai an shawo kan lamarin tukuna. Ciwon damuwa shi kaɗai ba ya hanawa, domin mafi yawan masu waswasi mai tsanani suna tare da shi.

A tambayi likita game da hanyoyin da ba sa buƙatar dashe. Akwai kwantar da majiyyaci na makonni a cibiyar da ake yin ERP kullum. Akwai motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani nau'insa domin waswasi a 2018. Akwai kuma tiyatar da ake lalata ɗan ƙaramin wuri a cikin ƙwaƙwalwa da zafi ko da haske mai ƙarfi, wadda ba a iya warware ta idan an yi, amma ba ta bar mutum da batir da zirga-zirgar saiti ba. Ga wanda yake zaune nesa ƙwarai da kowace cibiya, wannan bambanci abin a zauna a auna ne da kyau.

Mataki na uku: zaɓen cibiya da sanin abin da za a sa rai

Matsayin wannan aiki a doka ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2009 FDA ta ba na'urar kamfanin Medtronic izini na musamman irin wanda ake bayarwa domin jinƙai ga ƙananan rukunin majiyyata, izinin da ya dogara a kan cewa na'urar tana da aminci daidai gwargwado kuma akwai kyakkyawan zaton amfaninta, ba tare da manyan gwaje-gwajen da aka saba nema ba. A shekarar ta kuma sami izinin Tarayyar Turai. A Ingila kuwa, hukumar NICE mai tantance hanyoyin magani ta ce a 2021 kada a yi aikin sai a cikin tsarin bincike. Waɗanda aka yi wa a duniya baki ɗaya ba su wuce ɗaruruwa ba, alhali masu ciwon Fakinsin da aka yi wa sun haura dubu 100, kuma kamfanonin inshora sukan ƙi biya ko a ƙasashen da aka ba da izini.

Ga abin da bincike ya nuna. A gwajin da Luc Mallet ya jagoranta a Faransa, wanda aka wallafa a 2008, majiyyata 16 sun yi wata 3 da na'ura a kunne da wata 3 a kashe ba tare da sun san wanne ne ba, aka sami matsakaicin maki 19 bayan kunnawa da 28 bayan kashewa, sai dai mutum 1 ya sami zubar jini a ƙwaƙwalwa, 2 kuma ƙwayoyin cuta suka shiga har aka cire musu wayoyin. A Amstadam, rukunin Damiaan Denys ya ba da rahoton majiyyata 70 a 2020: bayan shekara guda kashi 52 cikin 100 sun sami sauƙi sosai, kashi 17 sauƙi kaɗan, kashi 31 ba su amfana ba. Wani nazari na 2022 da ya haɗa bincike 34 da majiyyata 352 ya gano cewa kimanin kashi 66 sun amfana.

A lura da abin da "amfana" take nufi a waɗannan alkaluma, wato makin Y-BOCS ya ragu da aƙalla kashi 35 cikin 100. Wanda ya fara da 34 ya sauko 21 an lissafa shi cikin waɗanda suka yi nasara, alhali har yanzu yana da ciwon a matsakaicin mataki. Ga mutumin da a da yake shafe awa 8 yana wanki, saukowa zuwa awa 1 ko 2 babban abu ne, domin yana iya komawa aiki ya zauna cikin mutane. Amma iyalin da suka sayar da abin hannunsu da zaton warkewa ɗungurungum za su ga kamar an cuce su, kuma duk likitan da ya yi alkawarin warkewa, ko ya ƙi ambatar cewa kusan mutum 1 cikin 3 ba ya amfana, a bar wurinsa.

Cibiyar da ta cancanta tana da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya saba da DBS, da likitan lafiyar ƙwaƙwalwa da ya ƙware a waswasi kuma ya iya saita na'urar da kansa, da masanin halayyar da zai ci gaba da ERP, da kwamitin da yake tantance kowane majiyyaci. A tambaye su masu waswasi nawa suka yi wa, domin gwanintar saita na'urar mai Fakinsin ba ta wadatar a nan. A tambayi wane wuri za su nufa a ƙwaƙwalwar da dalilinsu, tun da akwai wurare kaɗan da ake amfani da su, mafi yawa a kewayen gaban wani kundin jijiyoyi da ake kira kafsul na ciki, wasu kuma a cibiyar da take ƙarƙashin talamas, wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wa zai amsa kira idan na'urar ta tsaya da tsakar dare, kuma wa zai biya kuɗin sabon batir bayan shekaru. Idan babu amsa a rubuce ga waɗannan biyun, musamman ga mai niyyar ƙetare ƙasa a yi masa aikin ya dawo gida, to lokacin aikin bai yi ba tukuna.

Amincewa kuma ta majiyyacin ce. Iyalin da ɗawainiya ta gajiyar suna iya matsa masa ba da mugun nufi ba, shi ya sa ya kyautu likita ya gan shi shi kaɗai aƙalla sau ɗaya.

Mataki na huɗu: ranar tiyata

Kafin ranar za a ɗauki hoton MRI, a yi gwajin jini da na tunani da ƙwaƙwalwa, likita kuma ya faɗi ranar da za a dakatar da magungunan da suke tsinka jini, irin su asfirin. A ɗakin tiyata ana kafe kai da wani firam ko a yi amfani da mutum-mutumi, domin kuskuren milimita 2 yana iya sauya sakamako. Ana huda ƙananan ramuka biyu a ƙoƙon kai a zura wayoyin, wasu cibiyoyi da majiyyaci a farke an kashe masa zafin fatar kai, tun da ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi, wasu kuma da allurar barci. Inda ake yi a farke, akan kunna lantarki a tambayi mutum abin da yake ji, har wasu sukan yi murmushi ko dariyar da ba su san dalilinta ba. Batirin ana saka shi ne cikin barci, a ranar ko bayan kwanaki. Zubar jini a ƙwaƙwalwa yakan faru ga mutum 1 ko 2 cikin 100, kuma yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shigar ƙwayoyin cuta ta fi haka yawa kaɗan, saboda haka zazzaɓi, ko kumburi, ko ja, ko ruwa a wurin ɗinki, dalili ne na komawa asibiti a ranar.

Mataki na biyar: saiti da komawa horo

Galibi ana kunna na'urar bayan mako 2 zuwa 4, daga nan sai ainihin aikin ya fara. Likita zai riƙa gwada wuraren fitar lantarkin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara ƙarfi yana ragewa, kamar mai neman tasha a rediyo, sai dai a nan kowane juyi yakan buƙaci makonni kafin a san sakamakonsa. Wata 6 zuwa shekara guda ba abin mamaki ba ne kafin a dace, kuma a farkon lokacin ziyara takan zo kusa da kusa.

Sauƙin yana da jerin da ya saba bi. Walwala da raguwar fargaba su ne suke fara zuwa, wani lokaci cikin mintuna ko kwanaki. Tunanin da yake addaba yakan yi sanyi cikin makonni. Ayyukan da ake maimaitawa su ne na ƙarshe, domin hannun da ya shekara 20 yana wanki ya riga ya saba, ko da tsoron da ya haifar da wankin ya ragu. A nan ne ake komawa ERP, kuma mutane da yawa da horon ya gagare su a da sukan iya jure shi yanzu. Rukunin Amstadam ya sa wannan horo cikin tsarinsa ne bayan ya lura da haka. Iyali ma suna da nasu gyaran, domin a tsawon shekaru sun saba buɗe masa ƙofa, da amsa tambaya ɗaya sau 30, da sayen sabulu fiye da buƙata, kuma dole su janye wannan taimako a hankali bisa jagorancin masanin, in ba haka ba su ne za su riƙe ciwon a wurinsa.

Illar da aka fi gani a lokacin saiti ita ce zumuɗin da ya wuce kima: mutum ya rage barci, surutu ya yi yawa, ya riƙa kashe kuɗi ko yanke shawara cikin gaggawa, ko ya yi saurin fushi. Shi majiyyacin sau da yawa ba ya ganin laifin wannan hali, domin bayan shekaru cikin ƙunci daɗinsa yake ji, saboda haka wanda yake kwana gida ɗaya da shi ne ya kamata ya sanar da likita, kuma rage ƙarfin lantarkin yakan gyara lamarin. Yana da amfani a ajiye littafi a riƙa rubuta awannin barci, da awannin da waswasi ya ci, da duk wani sauyin hali bayan kowane saiti. Kada a daina shan magani sai da izinin likita, ko da an ji garau.

Mataki na shida: zama da na'urar

Waswasi yakan buƙaci lantarki mai ƙarfi fiye da Fakinsin, don haka batirin da ba a caji yana iya ƙarewa kafin shekara 2, kuma sauya shi ƙaramar tiyata ce a ƙirji. Mai caji yana iya kaiwa shekara 15, sai dai yana buƙatar a riƙa yi masa caji ta saman fata a kai a kai da wutar da za a dogara da ita, ga kuma wani abin lura da ya keɓanta da wannan ciwo, wato shi kansa duba cikar batirin yana iya zama sabon abin maimaitawa, don haka gara a tsayar da lokacin dubawa tare da likita.

Mutuwar batir ko tsinkewar waya ba ƙaramin abu ba ne. Fargaba da baƙin ciki suna iya dawowa cikin awanni ko kwanaki da ƙarfin da ya kai na da ko ya fi, har da tunanin kashe kai. Idan hali ya juye farat ɗaya, a fara duba rimot ɗin da aka ba majiyyaci a ga ko na'urar tana kunne, a kira cibiyar nan take, kuma kada a bar shi shi kaɗai. A tsara sauya batir tun kafin ya ƙare.

Majiyyaci ya riƙa yawo da katin na'urar, ya nuna shi a filin jirgin sama da duk asibitin da ya shiga, har da na haƙori. Gashin jiki da na'urar dayatami, wadda wasu masu gyaran gaɓoɓi suke amfani da ita, haramun ne gare shi, domin tana iya zafafa wayoyin ta yi wa ƙwaƙwalwa mummunar illa ko ta kashe. Motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu shi ma ba a yi masa. Hoton MRI ana iya ɗauka ne kawai bisa sharuɗɗan kamfanin da ya ƙera na'urar, a wurin da suka san irinta, kuma duk tiyatar da za a yi masa nan gaba, ko a wane sashe na jiki ce, a haɗa likitan da zai yi ta da cibiyar da ta yi dashen tun kafin a sa rana.